Rankin da ba nawa ba ya ci idon Awudu

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana, a unguwarmu Nima kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara.

Albasa nake sayarwa a kasuwar Agbogbloshie. Mu huɗu ne a bes ɗinmu, wato majalisarmu, muke buga wani gem na harbi a waya, tim guda, bayan la'asar muna shan shayin ataya. Cikinmu akwai abokina tun makarantar allo, bari in ce masa Awudu, tela ne a Maamobi. Ni ne ragon tim, kullum ni ake fara kashewa, har suka raɗa min suna Gawa. Ina dariya amma wallahi abin yana cina.

Wata rana na manta wayar a gida, matata ta ɗauka ta buga. Cale, 'yan'uwa, ashe matar nan wuta ce! Sai na riƙa bar mata wayar kullum safe, in tafi kasuwa da ƙaramar waya. Cikin wata guda rankina, wato matsayina a gem ɗin, ya wuce na kowa, na je bes ina cika baki wai na gyara hannu.

Ita ta gargaɗe ni fa. Ta ce gem ɗin yana ajiye wa kowa maki a ɓoye, ka ci ya hau, a ci ka ya sauka, kuma da wannan makin yake nemo maka abokan karawa daidai kai. In kun shiga ku huɗu sai ya haɗa makinku ya kawo muku tim mai nauyinku. Ta ce yanzu gem ɗin ita yake gani a akawun ɗina, ƙwararru zai turo mana su yi kaca-kaca da mu. Na ce ta bar ni da surutu.

Haka kuwa aka yi, sau tara a jere ana karkashe mu kamar kaji. Maimakon in yi shiru sai na ɗora wa Awudu, na ce ɗinki ya kashe masa ido, shi yake jawo mana. Shi kuma cikin wasa ya ce wannan rankin nawa dai, ko madam ce take buga min. Bai san komai ba wallahi, tsokana ce kawai. Ni kuwa kaina ya yi zafi, na ɗauki butar ataya daga kan gawayi na kwaɗa masa a fuska, ya faɗi kan kofunan gilashi, na bi shi da benci. Sauran biyun suka ɓamɓare ni. Jini har kan silifas ɗina, yana ihu yana kiran sunana yana cewa idona, idona.

Likita ya ce da wuya idon hagun ya sake gani. Tela ne fa, jama'a, 'ya'yansa uku.

Abin da ya fi kashe ni, kowa bayana yake bi. Kun san Zango, ba a sa matar mutum a baki. Manyan unguwa sun ce na yi ganganci amma shi ya fara, sun yanke ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo gidana ya ba matata haƙuri. Ita kuma ta rantse in ya durƙusa mata da bandeji a ido, a gaban kowa za ta faɗi gaskiya.

In na faɗa da bakina, 'yan'uwansa ba za su bar ni ba, na san su, kuma na zama abin dariya har in mutu. In na yi shiru na zalunce shi sau biyu. Jiya ya turo min boyis, wato saƙon murya, wai in yafe masa, bai kamata ya yi wa iyalina ƙarya ba. Na saurara sau ashirin.

Jibi ne Juma'a. In je asibiti in same shi shi kaɗai, ko in tsaya gaban manya in faɗa? Da wane baki zan ce masa ba ƙarya ya yi ba?