Ina Labari?

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ku da yara kuna lafiya. Na sauka lafiya, na kuma fara kwas ɗin gyaran na'urorin asibiti. Na kama ɗaki a saman shagon wani tsoho mai gyaran agogo, mutumin kirki.

Mutanen ƙasar nan akwai tsafta da ladabi, sai dai bakinsu a ɗinke yake. Kowane shago da hoton shugabansu, suna goge shi kafin su goge tebur, amma ban taɓa jin wanda ya yabe shi ko ya zage shi ba. Na koyi cewa "Ina labari?" da yarensu. Duk wanda na gaisar haka sai ya waiga baya, ya ƙara sauri. Tsohon kaɗai ya yi dariya, har na koya masa amsar da Hausa. Ina jin kunya ce ta yi musu yawa. Kaɗaici ya dame ni.

Ƙaninki.

Auta,

Gaisuwa. Yara na tambayarka. Kai dai bakinka ba ya hutu tun kana goyo. Mu nan sai mu zagi gwamnati har murya ta dushe, ba mai jinmu. Can da alama ana jinsu, shi ya sa suka yi shiru. Wannan ba kunya ba ce. Ka bar gaisuwar nan, kada wani ya ɗauka da gaske kake tambaya.

Allah ya tsare. Yayarka.

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta zo a makare. Kafin ta iso, wata safiya ina saukowa na gaishe da tsohon kamar kullum, sai ya ajiye gilashinsa ya ba ni labari na gaske. An tafi da ɗansa, malamin makaranta, saboda wata magana da ya yi a aji, kuma ba wanda ya san inda yake. Ya ce ni ne na farko da ya taɓa tambayarsa. Yaya, ni gaisuwa kawai na yi.

Lokacin da muke maganar, wata mata da ke ɗakin gefe tana shanya a kan bene, tana jinmu. Ita ta yi jinyata da na yi zazzaɓi, don haka ban kawo komai a raina ba. Yanzu shagon a kulle yake. Kowa cewa yake tsoho ya tafi hutu. Ina jin agogunansa ta ƙasan ɗakina suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Abinci ba ya shiga, ki sa tsohon a addu'a.

Ƙaninki.

Yaya,

Gaisuwa. Ashe kama tsohon aka yi, yanzu an sako shi. Ya rame, ba ya iya riƙe ƙaramin sukurudireba. Na tarar yana goge hoton shugabansu. Na tsaya a bakin ƙofa, wallahi ban buɗe baki ba. Bai ko juyo ba ya ce da ni da Hausa, "Sai alheri."

Ki gaida yara. Ƙaninki.