Ɗan Rago Ya Cinye Kerkeci

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Anti Binta da yara? Ina fata kowa lafiya.

Latin ɗin da aka ɗora mana a jami'a ya ishe ni. Harshen Rumawan da ne, ƙarshen kalma ke nuna wa ya yi, wa aka yi wa. Jiya muna bita aka ce in fassara, na ce ɗan rago ya cinye kerkeci. Malama ta ce, "Ma'alish, Hauwa, haka ragunanku suke?" Aji ya kwashe da dariya.

Jarrabawa ta matso, in na faɗi tallafina ya tafi. Ka gaida Inna, ta sa ni a addu'a, kada harshen matattu ya koro ni gida.

Ƙanwarka Hauwa,
Alƙahira