Hular Kwanon Rumfar Idi

Zuwa ga Yayana Lawal, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya haƙuri da ruwan da aka ce ba ya ɗaukewa a wajenku? Mu nan Batsari lafiya lau. Baba da Inna suna gaishe ka, Inna ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci a kan lokaci. Abokin ɗakinka ya sanar da mu cewa wayarka ta faɗa kwata, shi ya sa kwana goma ba a ji muryarka ba. Na san kana aron tasa ka leƙa shafina, don haka na rubuto maka a nan. Masu karantawa su yi haƙuri, maganar gida ce, amma su ma akwai abin da zan roƙe su a ƙarshe.

Yaya, na gano ku. Kai da Baba, tun farkon damina na gano ku.

Ka tuna yadda Baba ya koma bayan faɗuwar da ya yi a hanyar Wagini. Mutumin da ya shekara talatin yana kabu-kabu, yana ɗora buhun gero da mai buhun da akuyarsa a kan mashin ɗaya, ya wayi gari da sanda. Ƙashin ya ɗoru, amma likita ya ce shi da tuƙi sai dai kallo. Wata shida ya yi a zaure ba ya ko leƙa ƙofa. In ya ji ƙarar mashin a waje, sai ya ƙara muryar rediyo. Inna ta dama fura ta kai masa, ta dawo da ita yadda ta kai. Ni a lokacin tsoro ya kama ni ƙwarai, ban dai gaya wa kowa ba.

Kai ne ka ɗauke shi kusan da ƙarfi wata ranar kasuwa, ka kai shi rumfar Idi bakanike, inda muke kallon tseren baburan nan na ƙasashen waje. Ka san yadda abin namu yake. Su can ranar Lahadi suke yi, mu kuwa sabis ɗinmu ba ya jan bidiyo, mutanen ƙauye kuma sai Alhamis suke shigowa. Sale direba ne ke kawo mana shi a memori daga Katsina, Idi ya jona a 'yar talabijin ɗinsa mai aiki da sola. Daga Lahadi zuwa Alhamis haramun ne wani ya nemi sanin wanda ya ci, wanda ya ji bisa kuskure kuma ya haɗiye abinsa. Kafin a kunna, kowa ya zaɓi gwaninsa, babba ya fara, mutum biyu ba sa haɗuwa a kan mahayi ɗaya. Wanda nasa ya fi zama baya, shi zai sa fasasshiyar hular kwanon nan da ke rataye a ƙusa, ya ratsa kasuwa da ita daga 'yan hatsi har kara, wajen dabbobi.

Ranar farko Baba ya zauna yana hura hanci, wai ya zo kallon yara suna ƙona mai a banza, ba fasinja, ba kaya, su zagaya su dawo inda suka tashi. Sai ga wani mahayi a talabijin ɗin ya taho kwana da gudu, ya saki ƙafa ɗaya tana reto kafin ya kwanta da mashin. Baba ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Wanga ai a yashin Tsaskiya ya koya! Mu muka fara haka!" Rumfa ta ɗauki dariya. Na duba ka, na ga kana share ido da hannun riga kana cewa wai hayaƙin salansa ne.

Tun daga ranar ba mu ƙara samun lafiyar kunne ba, kuma mun gode wa Allah.

Har yanzu rumfar tana nan yadda ka bar ta. Idi bai sauya ra'ayi ba, shi a wurinsa inji ne ke cin tsere, ka ba shi jan mashin ɗin nan ko surukinsa ka ɗora zai zo na ɗaya. Yana kuma jin haushin 'yan fukafukan da suke maƙala wa baburan yanzu, ya ce an ɓata sana'a, in jirgi suke so su je filin jirgi. Buba, Bafulatanin nan da ke kiwo wajen Safana, ba ruwansa da inji. Zaman mutum yake kallo, ya ce mahayin kirki kamar an dasa shi yake, kuma har gobe bai yafe musu ba da yadda ɗaya zai faɗi, ashirin su wuce shi ba ko sannu. Baba nasa gwanin shi ne mai shuɗin mashin da muke kira Dattijo, wanda ke lallaɓa taya sai ƙarshe ya fara cin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma ka san ni da Mai Ja. Yaro ne, ba ya tsoro, gwiwa a ƙasa, gwiwar hannu a ƙasa, in ya ga kafa ko ta allura ce zai shiga. Aibinsa ɗaya, shi ma yakan bi gwiwar zuwa ƙasa. Baba yana ce masa mai shara, wai duk wata kwana da ke duniya ya share ta da bayansa.

Saboda wannan yaro na sa hular nan har na daina ƙirgawa. Ni malamin makaranta guda, da babbar riga, da hular kwano mai tsage a goshi. Wata rana a kara na yi kiciɓis da surukata ta zo sayar da tunkiya. Na durƙusa na gaishe ta da hular a kaina, ta amsa tana kallon gefe, kafaɗunta suna rawa.

Duk wannan na jure. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya faro bayan tafiyarka. Baba ya daina zaɓen Dattijo kullum. Sai ya jira a nuno su a jere kafin tashi, ya matso da fuska kusa da talabijin, ya dubi sararin samaniyar can, ya dubi tayoyi, ya lumshe ido, sannan ya nuna ɗaya da sanda. Kuma shi ɗin ne zai ci. Ya yi na farko aka ce sa'a, ya yi na biyu, ya yi na biyar. Har ya kan faɗi wanda zai faɗi da kwanar da zai faɗi. Mutane suka fara tahowa daga Wagini don kawai su ga abin da idonsu. Idi ya sa aka gyara masa kujera mai jingina. Ni da nake zuwa da takarda na rubuta wa ya fi gudu a miƙe, wa ya fi iya kwana, sai Baba ya dube ni a gaban jama'a ya ce, "Hamisu, aje biron nan, wanga karatu ba na aji ba ne."

Wata Lahadi bayan la'asar na dawo gida da wuri, na tarar ɗakinsa a rufe. Na tsaya daidai taga zan cire takalmi, sai na ji shi ƙasa-ƙasa yana cewa, "Lamba nawa? Maimaita. Shi kuma yaron Hamisu a zagaye na nawa ya faɗi?" Na tambayi Inna da wa yake waya, ta ce ai Lawal ne, duk Lahadi ya kan kira, su rufe ƙofa, ita ko gaisuwa sai an gama ake ba ta.

Yaya, wallahi na ji haushinka. Kai da ka kafa dokar rumfa da bakinka! Na kwana biyu ina tsara yadda zan tona ku, har jawabi na shirya. Abin da ya hana ni kawai, ina jiran ranar da rumfa za ta cika, don a ji kunyar da kyau. Ka ga irin ƙanen da kake da shi.

Sai wayarka ta faɗa kwata.

Lahadin nan da ta wuce Baba ya shiga ɗaki tun azahar da waya a hannu. La'asar ta yi, ba kira. Litinin yana ta ɗaga ta sama yana neman sabis, ya ce wa Inna ta duba ko caji ne. Ni kuma ran Talata na shiga Katsina kai takardun makaranta. Ina wucewa ta gaban wani shagon talabijin, ban nema ba, ban tambaya ba, sai ga Mai Ja a allo goma lokaci ɗaya, jiƙe sharkaf, ɗauke da kofi yana kuka. Suka maimaita hoton. Ruwa ne ya sauko ana tsakiyar tsere, Mai Ja ya taso daga can baya ya cinye kowa, Dattijo kuma ya zame saura zagaye uku. Yaron da bai taɓa ci ba duk shekara! Na tsaya bakin titi na yi kabbara har wani mai lemo ya tambaye ni ko haihuwa aka yi mini.

A mota ina dawowa lissafi kawai nake. Baba ba shi da labari, zai koma wa Dattijonsa. Ni in ɗauki Mai Ja. Ba sai na tona kowa ba, hular da kanta za ta nemi kan da ya dace.

Laraba da yamma na shiga gaishe shi. Na same shi a zaure, wurin nan dai da ka sani, rediyo a kunne, waya a gefen tabarma. Ya ce ƙafar ta motsa, gobe ba zai samu zuwa kasuwa ba, ƙila ma ya ɗan huta da zuwa rumfar nan, ai ta yara ce. Bai dube ni ba da yake faɗa. Ina fitowa na haɗu da Inna ta ɗauko kwanon fura, a cike.

Ban san lokacin da jawabin nawa ya bi iska ba. Na tsaya tsakar gida, kusa da ƙofar zaure, na ɗaga murya na fara yi wa Inna mitar mutanen Katsina, yadda suke jera talabijin a bakin titi ba su tunanin masu wucewa. Na ce mutum na tafiyarsa sai a nuna masa Mai Ja da kofi, a nuna masa ruwa ya sauko, a nuna masa mai shuɗi ya zame saura zagaye uku, a kwanar hagu. Inna ta dube ni kamar na zare, ta ce to ita ina ruwanta da mai shuɗi. Daga zaure kuwa na ji an kashe rediyo.

Alhamis da safe kafin in gama karyawa Baba ya sa hula, yana buga sanda a ƙofa wai ina ɓata masa lokaci.

Da ka ga abin da ya yi a rumfa, Yaya. Ya matso da fuska, ya dubi gajimare, ya lumshe ido har Buba ya fara tari. Sannan ya nuna Mai Ja ya ce, "Yau ranar mai shara ce. Ina jin ƙanshin ruwa, shi kuwa ya saba da ƙasa, ba ta ba shi tsoro." Wuri ya kaure. Idi ya ce yau kam tsoho ya rikice. Aka zagayo kaina, kowa ya ɗauki nasa, ba wanda ya taɓa Dattijo saboda girmama Baba. Duk suka zubo mini ido. Na buɗe baki na ce Dattijo, har na ƙara da bayani a kan lallaɓa taya, don kada a zargi komai.

Na zauna ina kallon gwanina yana yin abin da na shekara ina rantse wa mutane zai yi, ba halin in yi ko tafi. Duk wanda ya wuce sai in ciji leɓe in yi tsaki, alhali cikina kamar ana kiɗa. Da Dattijo ya zame, Buba ya yi masa addu'a, Idi ya miƙe ya ciro hular daga ƙusa ya kaɗe mata ƙura da kansa. Baba kuwa mutane har layi suke suna ba shi hannu. Ya sha shayi kofi biyu, ya ci ƙosai, yana ta bayanin yadda ake gane ruwa a idon mahayi.

Na ratsa kasuwa daga 'yan hatsi har kara, kuma ban taɓa jin hular nan ba ta da nauyi ba sai ranar.

Da za mu koma gida na goya Baba a mashin, na bar hular a kaina. Muna dosar kwanar masallaci na hango a madubi ya saki ƙafarsa mai lafiyar tana reto. Sai ya matso bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Hamisu, gaba in za ka ba uwarka labari, ka rage murya. Har gidan Malam Sule an ji." Ya ɗora tafin hannunsa a kan hular, daidai inda ta tsage, ya ce Allah ya yi mini albarka, ni da kai. Sai da na tsaya gefen hanya na ɗan lokaci ina share ido, na ce masa hayaƙin salansa ne.

To ka ji abin da ya faru a bayanka. Ka gyara waya, ka ci gaba da kira duk Lahadi, na janye ƙarata. In kuma ta sake faɗawa kwata, kada ka damu, akwai mai riƙe maka aikin. Abu ɗaya na roƙe ka, duk ranar da Mai Ja ya sake ci, ka ce wa Baba sabis ne ya yanke, ka bar ni in ci ko sau ɗaya.

Ku kuma masu karanta wannan, musamman 'yan Batsari da Safana, dokar rumfa ta hau kanku. Kun ji bisa kuskure, sai ku haɗiye. In kun zo ranar Alhamis kuka ga wani tsoho a kujera mai jingina yana duban gajimare a talabijin, ku ba shi hannu ku ce ya iya.

Allah ya ƙara wa Baba da Inna lafiya da nisan kwana, ya tsare hanyoyinmu da masu bin su a kan mashin, ya kare ka a inda kake, ya dawo mana da kai lafiya ka tarar da shi yana cika baki. Amin.

Naka ƙane, mai hular kwano,
Hamisu