Farar Riga a Kan Dutsen Ruma

Daren Laraba, farkon damina, Ruma

Yau Kawu ya hau da ni dutsen da yake gadi a kai. Subhanallahi! Ga kufan mutanen dā da ragowar ganuwarsu, ga daji baƙi ƙirin iyakar gani. Ta nan mayaƙan Maraɗi ke ɓullowa. Na miƙe ina kabbara, sai Kawu ya fizgo ni.

"Kai ɗan birni, tuɓe farar rigar nan! Ana hango ka daga daji."

Na kwanta rub da ciki, kunya ta rufe ni. Can ƙasa manoma na ta huɗa, ko waiwaye ba su yi.

"Kawu, ba su jin tsoro?"

Ya dafa gangar da yake bugawa in ya hango mahara. "Tsoron ai ni suka bar wa."

Tun kafin a haife ni yake riƙe da tsoron nan. Ni wuni guda, barci ya gagare ni.