Mur Ɗin Da Tabita Ta Mayar

Tayuri, Sabha
9 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Tabita,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jinjiri. Barka da sauka lafiya.

Ba daga bakinki na ji ba. Sabiou direba ne ya faɗa mini a bakin gonar da nake gadi, yana ɗaure kaya, kamar mai ba da labarin tsadar tumatir. Ya ce kin haifi namiji kwana biyu kafin Kirsimeti. Na gyaɗa kai don kada ya gane ni kaɗai ne ban sani ba. Shekara ashirin da shida rabona da Tsibiri, na sani, amma har gobe ni ne ubanki.

Ga ƙunshi uku na ba shi ya kawo miki, irin abin da masanan gabas suka ajiye a gaban jariri Yesu. A makarantar mishan an sa mu haddace ma'anarsu, ban kuwa manta ba. Zinariya ta sarki ce. Lubban na firist ne, mai ɗaga addu'ar mutane zuwa ga Allah. Mur kuwa, ƙaron nan mai ɗaci da ƙamshi, shaida ce cewa jaririn mutum ne mai jini da tsoka kamarmu. Lubban da mur da ƙafata na je kasuwa na zaɓo su, sau uku ina zama a hanya.

Ƙafafun nan sun kumbura, mai gonar kuma ya fara cigiyar wani mai gadi. Ina so in dawo gida. Ko zaure ya ishe ni.

Ki gaida maigidanki, ko da yake ban san shi ba.

Ubanki,
Irmiya

*

Tsibiri
2 ga Fabrairu

Zuwa ga Malam Irmiya,

Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa kowane dattijo, saƙonka ya iso.

Ya iso ana tsakiyar barka. Matan majami'a sun cika ɗaki, na kwance ƙunshin a gabansu don ban zaci komai ba. Uwar mijina ta ɗauki na ukun ta sunsuna, ta tambayi matar fasto mene ne. Aka faɗa mata mur ne. Ta karɓe yaron daga cinyata ta fita da shi, ba ta dawo da shi ba sai da aka share ɗakin.

Ka rage ma'anar, Malam. Mu ma mun yi makarantar Lahadi. Mur na gawa ne. Da shi aka shafe jikin Yesu kafin a sa shi a kabari. Ni kuwa 'ya'ya biyu na binne kafin wannan, Lidiya tana da wata huɗu, ɗayan ko suna ba a raɗa masa ba. Ga na uku ko arba'in bai yi ba, kakansa ya aiko masa da kayan likkafani.

Zinariyar kuma ba kyauta ba ce. 'Yar kunnen Inna ce, ɗaya daga cikin biyun da suka ɓata a makon da ka tafi. Shekara da shekaru tana zargin ƙanwarta, har Inna ta rasu ba sa magana. Na riƙe ta. Ina ɗayar?

Masanan da kake kwaikwayo da ƙafarsu suka zo, suka durƙusa. Kai direba ka aiko. Kowane lebura a Sabha yana da waya, kai ka zaɓi takarda don kada ka ji muryata.

Ga lubbanka da mur ɗinka nan na mayar. Zaure kuwa albasa muke ajiyewa a ciki.

Ka huta lafiya.

Tabita Moutari

*

Tayuri, Sabha
25 ga Fabrairu

Tabita,

Ina gaishe ki, ko da kin cire ni daga uba kin mai da ni malam. Allah ya raya yaro.

Ban san kin binne 'ya'ya ba. Wa ya faɗa mini? Na karanta wurin nan na ajiye takardar, sai washegari na iya ƙarasa ta. Da na sani, da na aiko da biyu kawai.

Amma ba zan yarda a ce na yi wa jikana mugun baki ba. Ki faɗa wa uwar mijinki ta buɗe Littafi ta nuna mini inda Maryamu ta mayar da mur. Ta karɓa, ta ajiye. Ita ma uwa ce, ɗanta kuma na fari ne. Masanan ba su ɓoye mata cewa abin da aka haifa zai mutu ba, kuma ba don ƙiyayya suka kawo ba. Yanzu an koya muku addini mai zinariya da ƙamshi kawai.

Maganar 'yan kunne gaskiya ce. Ni na ɗauka. Ɗaya na sayar a Agadas na hau mota, da niyyar in sayo mata huɗu in na dawo. Ɗayar na ɗinke a bakin wandona. Sau biyu ana tuɓe mu a shingen hanya ba a gan ta ba, na yi kwana uku ban ci ba ban sayar da ita ba. Wannan ba ya wanke ni. Da labarin rasuwar uwarki ya zo, akwai motar da za ta kai ni. Kunya ce ta hana ni hawa.

Tun da kina son gaskiya ba ragi, ga sauran. A nan ba wanda ya san Irmiya. Baba Idi suke kirana. In an kira salla sai in zagaya bayan rijiyar gona har a idar, shekara ashirin da shida ke nan. Maƙwabtana mutanen kirki ne, Hindatou matar mai shayi ita ke aiko mini da kunu tun da na kasa tsayuwa a bakin murhu. Ranar da na mutu za su yi mini wanka, su sallace ni, su binne Baba Idi da zuciya ɗaya. Ni kuwa ba na so in shiga ƙasa da ƙarya.

Mur ɗin yana nan a ƙarƙashin tabarmata. Na ga alama ni ya fi dacewa da shi, sai dai ba mai shafa mini.

Sabiou ya ce zai ɗauke ni a farkon Afrilu kafin zafi ya tsananta, amma ba zai ɗauki tsoho mai kumburi ba sai in akwai mai karɓarsa a tashar Agadas. Ya ce ba ya son a bar masa gawa a mota. In babu, ki faɗa mini a fili, in daina sa rai.

Ba na iya durƙusawa, gwiwoyin sun ƙi. Da na yi.

Ki gaida Moutari.

Irmiya

*

Tsibiri
16 ga Maris

Malam,

Muna lafiya, yaro ya fara dariya.

Na karanta wa Moutari takardarka. Ya ce hukunci nawa ne. Uwarsa ta ce in ka shigo ta ƙofa ita za ta fita ta taga. Na je na gaya wa Inna ƙarama, ƙanwar Inna, wanda ya ɗauki 'yan kunnen. Ta ci gaba da tsince wakenta tana hawaye.

Ban yafe ba, kada ka karanta abin da ban rubuta ba. Djafarou ƙanen Moutari zai tsaya a tashar Agadas daga ranar uku ga Afrilu, kwana huɗu kawai. An kwashe albasar daga zaure. Ba za ka ɗauki yaro ba sai ka je gidan Inna ƙarama ka faɗa mata da bakinka.

Ka zo da mur ɗin, amma kada ya wuce zaure. In ranarka ta yi ni zan shafa maka da hannuna, a kira ka Irmiya a bakin kabari, don kada a ce na yi maka abin da ka yi wa Inna.

Allah ya kiyaye hanya.

Tabita