Hanyar Masu Madara Ba Ta Kai Mita Biyu Ba

Eschenbrunn, 4 ga Mayu

Zuwa ga Gwaggo Waltraud,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata gwiwar ta yi sauƙi, iskar bakin tafki kuma tana karɓar ki. Tun da kin ce waya ba ta shiga kunnenki, ga takarda. Ni ma na fi son haka, don a littattafan da nake karantawa duk maganar kirki a wasiƙa take zuwa.

Bayan haka, Gwaggo, ƙaninki ya tsaya takarar magajin gari! An manna hotonsa a jikin kowace fitilar titi, ya ɗaure fuska kamar mai jiran likitan haƙori. Su uku ne: Baba, da Madam Ketterer mai kantin magani, da Egon Wehrle mai masauki.

Ga inda gizo yake saƙa. Ƙungiyar masu hawan keke a tsauni, wadda maigidana Severin yake shugabanta, ta aika wa 'yan takarar tambaya guda: in an zaɓe ku, za ku nemi a buɗe wa kekuna Hanyar Masu Madara? Kin dai san ta, 'yar siririyar nan da ta gangaro daga makiyaya zuwa tsohon injin niƙa. Kin kuma san dokar jiharmu: keke ba ya bin hanyar daji da faɗinta bai kai mita biyu ba, sai in gari ya nemo izini na musamman.

An manna amsoshin a tagar gidan burodin da nake aiki. Madam Ketterer ta cika shafi huɗu. Na karanta sau biyu ban gane e ta ce ko a'a ba. Egon ya ce e, ya ƙara da cewa shi da keke tun a zanin goyo, alhali ko gidan waya da mota yake zuwa. Baba kuwa layi ɗaya: "Mita biyu, mita biyu ne."

Ranar Lahadi muka je shan kofi wurinsa kamar kullum. Severin ya ce, "Haba Baba, ko layi biyu ba za ka yi mana ba?"

Baba ya ce, "Ɗayan ma alfarma na yi muku. Ku da kuke saukowa kamar an koro ku daga sama, da kwalkwali a ka kamar kunkuru."

Severin ya ce, "Ku kuma masu yawon ƙafa kuna hawa kamar masu rakiyar gawa, kowa da sanda bibbiyu."

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Baba ya ajiye cokali ya ce, "To, Malam Schwär, masu rakiyar gawa sun gode." Malam Schwär, Gwaggo! Da sunan gidansu ya kira Severin, kamar baƙo. Mutumin da ya rungume ranar aurenmu. Severin ya miƙe ya ɗauki hularsa. Tun ranar ba su sake gaisawa ba.

Maza biyu nake da su a duniya, ga shi teburi ɗaya ya yi musu kaɗan. A littafi da tuni ɗaya ya faɗa rafi ɗayan ya tsamo shi, amma rafinmu ko idon sawu bai kai ba. Ki ba ni shawara.

Ki huta lafiya.
'Yarki,
Verena

Konstanz, 9 ga Mayu

Verena 'yar nan,

Na gaishe ki. Gwiwa tana nan inda na bar ta.

Ki rufe littafin nan ki saurare ni. Na riga ubanki zuwa duniya da shekara shida, na san shi tun yana cin ƙasa. Berthold ba doka yake karewa ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana kama kifi a tafkin coci ba da izini ba, yaushe ya zama alƙali?

Kin taɓa tambayar kanki me ya sa ruwan sama bai cinye hanyar nan ba? A kwance a cikinta akwai magudanai na katako da ke karkatar da ruwa gefe. Duk ruwa mai ƙarfi sai sun cushe da ƙasa da ganye, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da fartanya an yashe. Shekara talatin da ɗaya ubanki yake wannan aiki. Da su shida ne. Biyu sun mutu, uku gwiwa ta kwantar da su. Masu yawon ƙafa suna tafa masa a taron ƙarshen shekara, su ba shi kwalbar giya, shi ke nan. Yanzu ga samari masu keke suna bin ta a ɓoye, suna take birki suna tura masa ƙasa cikin magudanai, su wuce ko sannu babu. Mai shekara sittin da huɗu, shi kaɗai, a durƙushe.

Ba zai taɓa cewa a taimake shi ba. Haka ubanmu yake. Ya gwammace rumbu ya faɗo masa a ka da ya ce wa maƙwabci riƙe min nan.

Ki ja mijinki ku bi hanyar nan da ƙafa, ki sa ya dubi ƙasa. Kada ki ce komai, duk da na san wannan zai yi miki wuya. Kuma don Allah kada ki ƙulla wata dabara irin ta littattafanki.

Gwaggonki,
Waltraud

Eschenbrunn, 14 ga Mayu

Gwaggona ta kaina,

Gaisuwa da ban girma. Wasiƙarki ta iso, sai dai ta makara da kwana biyu. Na riga na ƙulla dabarar.

Ina cikin jera burodi tunani ya faɗo min kamar daga sama: in matsalar hanyar ita ce ba ta kai mita biyu ba, ai sai a faɗaɗa ta! Baba ya sami dokarsa, Severin ya sami hanyarsa, ni kuma in sami Lahadina. Har na hango su suna ɗaga ni sama. Na koma gida da gudu na faɗa wa Severin. Ya dube ni kamar na ce a yanka karenmu.

"Verena, wa yake son hanya mai faɗi? Daji cike yake da hanyoyin motar katako. Daɗinta ai ƙanƙantarta, da saiwoyin, da kwanar nan ta wajen dutsen da ya tsage."

To, da a nan maganar ta tsaya da sauƙi. Amma tun da safe na riga na fesa wa Hiltrud matar Egon, lokacin da ta zo karɓar burodin masauki. Jiya aka wayi gari da sabon hoton Egon, yana murmushi a gaban katafila, an rubuta: "Mita uku domin kowa!" Zai niƙe hanyar, ya zuba tsakuwa, ya kafa rumfar sayar da tsiran alade a tsakiya. Mutane kuma sun fara cewa ai maganarsa da hankali, rigima za ta ƙare. Ni na jawo, Gwaggo. Na yi kuka a kan kek ɗin wata baiwar Allah har sai da na sake masa ado.

Amma na bi maganarki. Da yamma na ja Severin muka hau da ƙafa. Ban ce uffan ba, sai da na ciji leɓe. A magudana ta uku ya tsaya. A ta bakwai ya tsuguna ya sa yatsa a sawun fartanya, ɗanye shar. Ya ce, "Wa yake yashe waɗannan?" Bai jira amsa ba. Ya ce, "Wallahi ni na zaci haka suke." Ya shiga ƙirga, arba'in da uku.

Daga saman kwana muka hango Baba can ƙasa, gwiwa ɗaya a laka, yana jan ƙasa, ya tsaya ya dafa ƙugu, ya ci gaba. Na so in ruga. Severin ya riƙe hannuna ya ce, "Bari. In ya san mun gan shi haka, ba zai yafe mana ba." Muka juya ta cikin bishiyoyi.

Lahadi mai zuwa bayan coci 'yan takara za su amsa tambayoyi a zauren gari. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Verena

Konstanz, 17 ga Mayu

Verena,

Na gaishe ki. Na ce kada, kin yi. Na karanta wa maƙwabciyata labarin katafila, ta yi dariya har haƙoranta na roba suka zamo.

Ki daina kuka a kan abincin mutane. Wani lokacin sai kura ta shigo gari karnukan gida ɗaya suke tuna cewa gidansu ɗaya. Ki zauna a layin gaba, ki rubuto min komai.

Waltraud

Eschenbrunn, 28 ga Mayu

Gwaggo! Gwaggo!

Gaisuwa a gurguje, don labari yana cin raina.

Zaure ya cika maƙil. Masu yawon ƙafa a dama da jajayen safa, masu keke a hagu, ni a tsakiya kamar gishiri. Madam Ketterer ta yi minti goma sha biyar tana cewa za ta kafa kwamiti. Sai Egon ya buɗe wani ƙaton zane na hanyarsa mai tsakuwa, ya juya wajen masu keke ya buɗe hannu yana jiran tafi.

Ko tari babu. Severin ya miƙe.

"Malam Wehrle, mun gode, amma ba ma so. In sai an kashe hanyar nan za a ba mu ita, a bar ta a rufe. Mun haƙura."

Egon ya ce, "Kai yaro, kyauta fa nake ba ku!"

Sai muryar Baba: "Kyautar uwar wa? Egon, rabonka da hanyar nan tun kana da ƙugu! Dutsen da ya tsage fa, ya za ka yi da shi?"

"A fasa shi mana."

"A fasa shi?" Su biyu suka faɗa a tare, Baba da Severin, har da nuna shi da yatsa iri ɗaya. Zaure ya fashe da dariya. Suka dubi juna, kowa ya yi sauri ya kau da kai kamar sababbin masoya.

Severin bai zauna ba. Ya ce, "Akwai magudanai arba'in da uku a hanyar nan. Shekara tara ina bi ta kansu a ɓoye ban san hannun mutum ne yake riƙe da su ba. Na ji kunya. Abin da zan ce ke nan."

Kunnuwan Baba suka yi ja. Gottlieb Hug, shugaban masu yawon ƙafa, ya buga sandarsa ya ce, "Berthold, kada daɗin baki ya ɗauke ka. Ka tuna masu ƙuri'arka."

Baba ya dube su ya ce, "Na tuna. Cikinku wa zai zo ranar Asabar da fartanya?" Wannan ya dubi silin, wancan ya shafa gwiwa. Ya juya hagu, bai ma gama tambayar ba hannu goma sha ɗaya suka tashi. Ya ce, "Hannu a zaure ba ya yashe magudana. Ƙarfe bakwai, a injin niƙa. Wanda ya zo da keke ya koma."

Gwaggo, mutum goma sha huɗu suka zo, ni ce ta sha biyar. Baba ya zage mu tas. Ya ce wa Severin yana riƙe fartanya kamar mai shan miya. Ya ce min in daina kallon gajimare in dubi laka. Aikin da yake yi a kwana uku, kafin tsakar rana mun gama. Muka zauna a makiyaya muka ci burodi da naman alade mai hayaƙi, Baba yana yanka wa kowa da wuƙarsa, yana nuna musu inda masu madara suke sauke tulu a zamanin kakarku.

Jiya ya shigo gidan burodi, ya cire amsarsa daga taga, ya manna sabuwa. Zai nemo izini a buɗe hanyar yadda take, ba a ƙara mata ko taki ɗaya ba, bisa sharaɗi biyu: aikin gayya Asabar ɗin farkon kowane wata, kuma Lahadi da rana ta masu ƙafa ce. Gottlieb ya karanta ya ce shi da mutanensa sun koma wajen Madam Ketterer. Na ce, "Baba, za ka faɗi fa." Ya ce, "Ba ni burodi biyu, ki rage surutu."

Zaɓe saura kwana shida. Hannuna duk kanta, amma ji nake kamar ni ce shafin ƙarshe na littafi mai daɗi.

Ki huta lafiya, ki gaishe min da maƙwabciya.
'Yarki mai farin ciki,
Verena

Eschenbrunn, 9 ga Yuni

Yaya Waltraud,

Ina gaisuwa. Ina fata kina lafiya.

Na faɗi. Ketterer ta fi ni da ƙuri'a ashirin da bakwai. Egon ne na ƙarshe, katafila ba za ta zo ba. Ta kafa kwamitinta, mutum biyu ne a ciki: ni da surukina. Takardar neman izini ta tafi ranar Litinin. Sai abin da hukumar daji ta ce.

Na san ke kika tona min asiri. Za mu yi maganar in kin zo.

An yi ruwa ranar Alhamis. Ban kira kowa ba, jiya na tarar da masu keke a can. Na kai magudana ta goma bayana ya riƙe. Severin ya karɓi fartanyar ya nuna min wani kututture ya ce, "Baba, zauna."

Na zauna.

Ƙaninki,
Berthold