Huɗu da Rabi ko Biyar da Rabi

Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin? Kumburin ƙafafun ya ragu kuwa? Yara suna gaishe ka, Mama ma haka. Kullum sai ta tambaye ni ko kana cin abinci, in ce mata kana ci, alhali ban sani ba. Direban da ke kawo mana fulawa ya ce ya gan ka ka rame. Ta hannunsa zan riƙa aiko maka da takarda, tunda a waya daga "da sauƙi" ba ka ƙara komai, ni kuma kuka yake cin ƙarfina.

Ba zan ɓoye maka ba, an samu matsala a gidan burodi. Duba-gari ya zo, ya shiga sito, ya tarar da kashin tattabaru a kan buhunan fulawa. Tun da ka kwanta suka mayar da ƙarƙashin kwanon rufin nan gidan ubansu. Mutumin bai ɗaga murya ba, ya dai ce zai dawo ƙarshen wata, in ya ga ko da gashi ɗaya ne zai rufe wurin. Kai ka fi ni sanin cewa ƙofar nan ita take biyan wankin ƙodarka, in ta rufe ba mu da wata.

Babu abin da ban gwada ba. Na sa an ɗaura raga, suka samo wata kafa ta bayan bututun hayaƙi. Guba kuwa ba a kusantar da ita inda fulawa take. Ƙaninka Dogo ya zo da gora mai tsawo wai zai kore su, abin da ya iya kawai shi ne fasa mana ƙwan lantarki. Daga ƙarshe muka je shagon kayan farauta ni da shi, mu ga bindigar iska.

Irin mai sifirin ce, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ciki yana tunkuɗa iska. Ana karya ta a tsakiya, a danne hancin ƙasa har sifirin ya kama, a sa 'yar dalma guda a rufe. Harbi ɗaya, sai a sake karyawa. Na ce a ba ni ɗaya in tafi, mai shagon ya ce ai ba haka ake yi ba, sai na zaɓi faɗin baki, milimita huɗu da rabi ko biyar da rabi. Ya zuba min dalmar kowacce a tafin hannu, wallahi da ƙyar na ga bambanci. Ya ce ƙaramar tana tafiya a miƙe da sauri, inda ka auna nan take zuwa, ta fi sauƙi ga mai koyo, amma takan ratsa tsuntsu ta wuce ba ta kayar da shi nan take ba. Babbar tana da nauyi, in ta samu tattabara ta gama, sai dai tana sunkuyawa a hanya, dole mutum ya koyi ƙiyasta nisa, kuma wannan koyon yana cin lokaci. Dogo ya kafe a kan babbar. Na ce masa ya rufe min baki, gidan yana da mai shi.

Don haka kai za ka zaɓa. Na tuna ka ce kana saurayi kuna harbin gwangwani da irinta a bayan makaranta. Ka rubuto min da hannunka, ko layi biyu ne.

Allah ya ba ka lafiya, ya dawo mana da kai.

Taka,
Mai Baki, kamar yadda kake kirana

Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina fatan wankin wannan makon bai wahalar da kai ba. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi mura, ita ma ta warware.

Takardarka ta iso. Na daɗe ban ga farin ciki irin wanda na gani a rubutun nan ba, har shafi biyu, kai da ko sa hannu yake yi maka wuya. Ka ce in ɗauki huɗu da rabi, ba ta taɓa ba ka kunya ba. Ita na ɗauka. Dogo ya yi ta gunguni a mota, wai gwangwani ba ya tashi sama in an harbe shi. Na ce in ya ƙara magana ya sauka ya taka da ƙafa.

Ni nake harbin, don Dogo yana rabon burodi da rana. Bayan azahar, in tanda ta huce ma'aikata sun watse, sai in rufe ƙofar sito in zauna a kan buhu. Karya ta ma aiki ne, sai na dafa gindinta a cinya na ja da hannu biyu, yanzu cinyar duk ta yi baƙi. Da farko na riƙa ƙanƙame ta, ina ta kuskure. Sai da na koma wurin mai shagon ya ce irin wannan ba a matse ta, a ɗora ta a tafin hannu a bar sifirin ya yi zillonsa. Da na yi haka sai na fara samu. Gaskiyarka, inda na auna nan take zuwa.

Amma Baban yara, ba sa faɗuwa. Zan ji dalmar ta shige, in ga gashi ya tashi, tattabarar ta yi tangaɗi a kan katako, sannan ta buɗe fiffike ta fice ta kafar nan ta bayan bututu. Kaɗan ne suke faɗowa. Shekaranjiya wata ta faɗo da ranta, tana jan fiffike ɗaya tana zagaya buhu, jini yana bin ta a siminti, tana kallona da ido ɗaya. Na ɗauko wuƙar yanka leda na ƙarasa ta, na fita bayan sito na yi amai. Na tsani aikin nan, na tsani ƙarar sifirin nan, ko na kwanta ina jin sa a kafaɗata.

Na koma shagon in ce a canza min da babbar. Ya ce bakin bindiga yadda aka huda shi haka yake zama, kuma wadda aka yi harbi da ita ba ya karɓa. Na faɗa masa maganganun da bai kamata ba, ya bar ni na gama.

Duk da haka suna raguwa. Waɗanda suka fice ba sa dawowa, inda suke zuwa su mutu ban sani ba, ban kuma so in sani. Mun wanke sito, mun toshe kafar da siminti. Ka kwantar da hankalinka, ka sha maganinka.

Mama ta ce in ce maka tana yi maka addu'a.

Taka,
Mai Baki

Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarfin jikin? Yara lafiya, Mama lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa, kada ka karanta ta a tsaye.

Duba-gari ya dawo jiya da safe. Ya shiga sito ya haska ko'ina da tocila, ya shafa buhuna, ya ɗaga kai ya dubi rufi. Babu gashi, babu kashi. Har ya ce min sannu da ƙoƙari, Hajiya. Na ji kamar in zauna a ƙasa don daɗi. Sai ya ce a nuna masa inda zai wanke hannu. Na kai shi famfon ɗakin kwaɓi da kaina. Ya buɗe, ya tara hannu, ya kai hanci, ya sake tarawa. Ni ma a lokacin na ji warin. Mai kwaɓi ya ce shi tun farkon mako yake jin ruwan wani iri, ya ɗauka daga kamfanin ruwa ne.

Aka kawo tsani, mutumin ya hau rufi, Dogo ya bi shi. Murfin tankin ruwa ya daɗe da tsagewa ta gefe, ba wanda ya sani, don tun da ka kwanta ba wanda ya hau. Ashe nan suke zuwa. In dalmar ta ratsa su ƙishirwa ta kama su, sai su sauka a bakin tanki su leƙa su sha, su faɗa ciki. Dogo ya sauko ya ce mushensu ne a cikin tankin. Ban tambaye shi ko guda nawa ne ba. Da ruwan nan muka yi ta kwaɓa burodin da muka sayar wa mutane, har da na makarantar yaran nan ta bayan layinmu.

Ya sa an kwashe burodin jiya duka an ƙone. Ya liƙa takarda a ƙofa, ya sa kwaɗo. Ya ce maganar ta wuce hannunsa, sai an zauna a ofis, kuma kada in sa rai da wuri. Ma'aikata suka tsaya a titi da fulawa a hannu suna kallona.

Na yi fushi da kai daren jiya, ba zan yi maka ƙarya ba. Na zage ka a zuciyata, kai da gwangwanayenka. Da gari ya waye sai fushin ya koma kaina. Mai shagon ya faɗa min komai tun ranar farko, na ji, na kuma gane babbar ce ta dace da aikin. Na tambaye ka ne don ka ji har yanzu ana jiran maganarka a gidan nan, kuma da ka amsa ban iya tsallake ta ba. Ko yanzu in na tuna shafi biyun nan ban san ko zan iya ba.

Mai gidan burodin bakin kasuwa ya aiko yana son sayen injin kwaɓinmu. Na san yadda ka sha wahala kafin ka saye shi, amma na ce masa ya zo ya ɗauka in an ba mu izinin buɗe ƙofa. Wannan karon ban tambaye ka ba. Abin da ke hannuna na ba direba ya kawo maka, zai kai ka wankin wannan makon da na mako mai zuwa. Kada ka tsallake ko ɗaya don ka yi mana tattali, na san halinka. Na bayansu ban san inda zai fito ba tukuna, Baban yara, kuma ina jin tsoro.

Mama ba ta sani ba. In ta kira ka, ka ce mata kana cin abinci.

Matarka,
Maman yara